Fashin Baƙi Kan Alamar Tambaya a Rubutun Turanci

A 'yan makonnin nan wata magana tana yawo tsakanin ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC, wai duk jimlar Turanci da ta ƙunshi "where", "why" ko "what" dole ta ƙare da alamar tambaya, in ba haka ba mai duba takarda zai zaftare maki. Wannan gurguwar fahimta ce, kuma ita ce ma take jawo asarar makin da ake gudu.

Tambayar kai tsaye ba ta da wani ruɗani. Ana ɗauko mataimakin aikatau, wato kalma irin su "is", a sa shi gaban mai aikatawa, sai "She is coming" ta koma "Is she coming?", idan kuma babu mataimaki a jimlar, sai a aro "do", "does" ko "did". Tambayar da ke neman wanda ya yi aikin ba ta bukatar aron, shi ya sa ake cewa "Who broke the cup?"

Inda ƙafar ɗalibai ke zamewa shi ne tambayar da aka ba da labarinta. Na duba rubutun wani ɗalibina mai ƙwazo, na tarar ya rubuta "He asked me where do I live?", kuskure biyu a layi ɗaya. Daidai shi ne "He asked me where I lived.", domin marubucin labari yake bayarwa, saboda haka kalmomin suna komawa jerinsu na asali, jimlar kuma ta ƙare da aya. Bahaushe ya riga ya san wannan bambanci a bakinsa, tun da yakan ce "Ina kasuwa take?" amma ya ce "Ya tambaye ni inda kasuwa take." Sai dai a kula da "Could you tell me where the market is?", wadda ke ɗaukar alamar tambaya saboda farkonta tambaya ne, alhali cikinta bai juya ba.

A tsarin duba insha'i na WAEC, maki 10 cikin 50 aka ware wa ingancin nahawu da alamomin rubutu, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki. Ni dai ina ganin hukuncin ya yi tsauri ga yaron da harshensa na gida ba ya juya kalmomi wajen tambaya. Malamai su riƙa jera misalin Hausa da na Turanci a kan allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, har yara su ga inda "inda" ta tsaya a madadin "where".