Dokar 'Yancin Ɗan Ƙasa ta 1866 a Amurka: Me Ta Ƙunsa?

A Disambar 1865 Amurka ta soke bauta da gyara na 13 a kundin tsarin mulki. To amma 'yanta bawa daban, barin sa ya ci gashin kansa daban. A daidai wannan lokacin jihohin Kudu suka ɓullo da dokokin takura wa baƙar fata. A Misisipi, baƙin mutum da ba shi da takardar aiki sai a kama shi da sunan zaman banza, a ci shi tara, in ya kasa biya a miƙa shi ga wanda ya biya masa, ya yi masa aiki.

Wanda ya kawo maganin wannan a majalisar dattawa shi ne Lyman Trumbull na jihar Ilinoi. Lauya ne, ya yi alƙalanci a kotun ƙolin jihar daga 1848 zuwa 1853, sannan ya zama sanata a 1855. Ƙudurin da ya gabatar a Janairun 1866 irin na wanda ya san kotu ciki da bai ne, domin abubuwan yau da kullum ya kama.

Da farko, dokar ta ce duk wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, in ban da wanda ke ƙarƙashin wata ƙasa da kuma Indiyawan daji (wato ƙabilun asali na Amurka) da ba sa biyan haraji. Sannan kowane ɗan ƙasa, komai launinsa, yana da ikon ƙulla yarjejeniya, kai ƙara, gado, saye da sayar da gida ko gona, da ba da shaida a kotu. Wannan ta ƙarshen, a ganina, ita ce ƙashin bayan sauran: mutumin da alƙali ba zai saurari shaidarsa ba, kowa na iya cinye masa ladan aiki ya kwana lafiya. Wanda ya fake da doka ya tauye waɗannan haƙƙoƙi, tarar da ta kai dala 1,000 ce, ko ɗaurin da ya kai shekara guda, ko duka biyun.

Dokar ba ta ba da 'yancin zaɓe ba. Wannan sai gyara na 15 a 1870.

Shugaba Andrew Johnson ya ƙi sa hannu, majalisa ta tsallake shi da rinjayen kashi biyu cikin uku a ranar 9 ga Afrilu 1866. Dokar kuwa ba ta mutu ba: a 1968 kotun ƙoli ta dogara da ita ta yanke cewa kamfanin gidaje ba shi da ikon ƙin sayar wa mutum gida don baƙar fata ne.