Ilimi, Haƙƙi da Rabon Dama a Damagaram

Damagaram, wadda takardun hukuma ke kira Zinder, ita ce jihar da ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a a Jamhuriyar Nijar, da mutum sama da miliyan 3 da rabi, akasarinsu yara da matasa. Abin da yaro zai zama a wannan ƙasa ya rataya ne kan irin karatun da ya samu, da haƙƙin da doka ta rubuta masa in har ya iso hannunsa, da kuma abin da gidansu suka ɗauka mutunci ne ko abin kunya. A rayuwar yau da kullum ba a raba waɗannan da juna.

Asalin karatu

Karatu ya riga Nasara zuwa Damagaram. Gidan sarautar kansa daga malami ya samo tushe, Malam Yunus, a ƙarni na 18. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa 1884, garin ya zama zangon ayarin fatake tsakanin Kano da Borno da Agadas da Turabulus, kuma fada na da alƙalai da marubuta wasiƙu da Larabci. Yaro kan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya yi sauka, mai rabo ya yi hadda a kira shi alaramma. Har gobe wannan hanya na ba mutum girma: shi ke limanci, shi ke ɗaura aure da raba gado.

Faransawa sun ci garin a 1899, ya zama hedkwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, sannan aka mayar da ita Yamai. Makarantar da suka kawo, lakwal, an yi ta ne don samar da tafintoci da akawu, iyaye da yawa kuma suka riƙa ɓoye 'ya'yansu. Wanda ya fassara wannan da ƙin ilimi ya yi wa mutanen rashin adalci, domin suna da nasu karatun, na baƙon ne ba su amince da shi ba. Sai dai bayan samun 'yancin kai a 1960, aikin gwamnati ya zama na mai takardar Faransanci kaɗai. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, a idon ofis, bai yi karatu ba. Makarantun madarasa, masu haɗa Larabci da Faransanci, su ne suka ɗan rage wannan tazara.

Matsalar harshe

Firamare shekara shida ce, kwaleji huɗu, lise uku kafin jarrabawar bak ta kammala sakandare. Yaron da ya tashi da Hausa ko Barbarci ko Fillanci yana shiga ajin farko ya tarar da malami na magana da harshen da bai taɓa ji a gida ba. Yana koyon karatu da koyon harshe lokaci guda, kuma da yawa kan kai ajin ƙarshe na firamare ba su iya karanta shafi guda su gane ba.

A Damagaram aka fara neman maganin wannan. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da harshen gida, a ƙarƙashin makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad, kuma da Hausa aka fara. Masu bin diddigi sun sha nuna cewa yaran irin waɗannan azuzuwa sun fi saurin iya karatu da lissafi, Faransancinsu ma bai gaza na sauran ba. Abin takaici, tsarin ya shafe gomman shekaru ana ce masa gwaji, ba littattafai isassu, ba malaman da aka horar dominsa. Wasu iyayen ma sun guje shi, don suna ganin ba ya kai yaro ofis. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki.

Haƙƙi a takarda da haƙƙi a hannu

Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A watan Disamba na 2017 aka ƙara wata doka don kare 'yan mata masu karatu. Amma tsakanin doka da yaron ƙauye akwai shingaye. Wanda aka haifa a gida ba a yi masa takardar haihuwa ba yakan gamu da cikas ranar rajistar jarrabawa. Dubban azuzuwa na zana ne da kara: ba a kafa su sai an gama girbi, ruwan farko kuma ya watsa su, shekarar karatu ta gajarce kai da gindi, ga haɗarin gobara. Mafi yawan malaman 'yan kwantiragi ne masu ƙaramin albashi.

Babban shingen yana zuwa ne bayan firamare. Ƙauyuka da dama ba su da kwaleji, dole yaro ya koma Mirya ko Magarya ko Matamai ko Tanut ya zauna gidan mai masauki. Namiji a bar shi ya tafi. Mace kuwa, uba kan ce ba zai saki 'yarsa a garin da ba mai sa mata ido ba. Don haka ne gwamnati ta fara gina gidajen kwana na 'yan mata, ciki har da na Kelle a yankin Gure.

Tarbiyya da mutunci

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar kan yi aure kafin shekara 18, kuma Damagaram na cikin jihohin da abin ya fi yawa. Dokar farar hula ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, amma yawancin aure bisa al'ada da addini ake ɗaura shi. Uban da ya cire 'yarsa daga aji sau da yawa tsoron abin kunya ne ya kore shi, da ganin waɗanda suka yi karatun suna zaune ba aiki. Duk shirin da ya raina wannan tsoro ba ya nisa. Wanda ya karɓu shi ne wanda ya bi ta hannun sarakuna da malamai da magidanta, irin makarantar mazaje da aka fara a Damagaram a ƙarshen shekarun 2000, inda maza ke zama su tattauna lafiyar iyalinsu.

Zumunci kuma shi ke riƙe da ɗalibai masu ɗimbin yawa: kawu ya biya kuɗin littafi, gwaggo ta ba da ɗaki. Inda talauci ya fi ƙarfinsa, yara ne ke biya. Daga yankin Kance mata kan tafi Aljeriya da ƙananan yara neman taimako. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kan wannan hanya, fiye da rabinsu yara.

Bayan karatu

Jami'ar garin, da aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi haifaffen Damagaram wanda ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Ta sauƙaƙa wa 'ya'yan talakawa da dā sai sun je Yamai. Matatar mai ta SORAZ, mai tace ganga 20,000 a rana, ta fara aiki a 2011, amma guraben da ta buɗe ba su kai ko kusa da yawan masu nema ba. Samari kan wuni a fada, wato majalisarsu ta hira, ana dafa shayi, wasu su kama kabu-kabu, wasu su faɗa ƙungiyoyin 'yan daba da ake kira pale. A Kara-Kara, unguwar da asalinta aka keɓe wa kutare, matasa na kokawa cewa sunan unguwarsu kaɗai kan isa a hana su aiki, ko da takardarsu a hannu.