Waiwaye: Daga layi 30 zuwa 1080, yadda hoton talabijin ya washe

Duk wanda ya taɓa kai fuskarsa dab da gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya ya san hoton da ke ciki ba a dunƙule yake ba. Layuka ne siri-siri a kwance, wani bisa wani, kamar zaren saƙa. Sai ka ja da baya sannan su haɗe, ido ya ga fuskar mai karanta labarai. Kusan duk tarihin tsabtar hoton talabijin jayayya ce a kan waɗannan layuka: guda nawa za a sa, wa zai yanke, kuma wa zai biya kuɗin hanyar da za su bi su iso ɗakin mai kallo.

Da John Logie Baird ya nuna na'urarsa a Landan a 1926, layi 30 kacal ne. Fuska takan fito dishi-dishi kamar inuwa a cikin ruwa. Shekara goma bayan haka, ranar 2 ga Nuwamba 1936, BBC ta fara watsa shirye-shirye daga Alexandra Palace da ke Landan, kuma sunan da aka laƙaba wa wannan sabon hoto shi ne dai wanda ake tallar talabijin da shi a yau, wanda ake taƙaitawa HD, wato hoto garau. An riƙa gwada tsari biyu, wannan mako na Baird mai layi 240, mako na gaba na kamfanin Marconi-EMI mai 405. Cikin wata uku aka ajiye na Baird. Wato abin da mutanen 1936 suka kira hoto garau, yau ko a ƙaramar waya ba mai yarda da shi. Amma tsarin 405 ɗin ya yi tsawon rai, don sai a Janairun 1985 aka kashe shi a Birtaniya.

Amurka ta tsayar da layi 525 a 1941. Yawancin Turai suka bi 625. Faransa kuwa ta ce ba ta gani ba, ta zaɓi 819 tun ƙarshen shekarun 1940, hoto fari da baƙi amma tsaf, wanda ya fi na kowa a lokacin. Sai dai layi da yawa na nufin bayani da yawa, bayani da yawa kuma na buƙatar fili mai faɗi a zangon iska. Tasha ɗaya ta Faransa takan cinye kusan filin tasha biyu na maƙwabtanta. Da kala ta zo a 1967, Faransa da kanta ta yi ta a kan 625, kuma a 1983 aka rufe babin 819. Wannan karo tsakanin kyan hoto da ƙarancin fili bai taɓa barin harkar ba, kamanni kawai yake sauyawa.

Saboda ƙarancin filin ne ma injiniyoyi suka yi wa ido dabara tun farko. Maimakon a aiko hoto cikakke, sai a aiko rabin layukan, na ɗaya da na uku da na biyar, sannan a dawo a cike giɓin da sauran, da saurin da ido ba ya kamawa. Kuma cikin 525 ɗin, kusan 480 ne ke ɗauke da hoto. Cikin 625 kuma 576. Zuwan kala, da tsarin NTSC a Amurka a 1953, sai tsarin PAL da na SECAM a Turai a 1967, bai ƙara ko layi ɗaya ba. Haka hoton ya tsaya cak kusan shekara hamsin. Gaskiya kuma masu kallo ba su dame da lissafin layi ba. Damuwarsu ita ce yayyafin da ke rufe allo, da mutum ya fito biyu, shi da inuwarsa a gefe, da wahalar juya eriya ana kwaɗa wa na ciki kira ko ya fito.

Japan ce ta sake tayar da maganar. Bayan wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, tashar NHK ta fara bincike, kuma abin da ya burge ni a aikinsu shi ne ba daga na'ura suka fara ba, daga idon ɗan'adam suka fara. Sun tambayi kansu: wane girman hoto ne ke sa mai kallo ya ji kamar yana wurin? Tsohuwar talabijin an tsara ta ne a kalle ta daga nisan da ya kai tsayin allon sau shida ko bakwai, don kada a ga layuka. Daga can kuwa hoton ɗan ƙaramin taga ne. In ana so ya cika ido, dole a matso zuwa ninki uku na tsayin allo, a kuma faɗaɗa shi. In an matso haka, dole layuka su haura dubu. Daga nan aka sami Hi-Vision mai layi 1125. Sun ƙirƙiro hanyar matse shi mai suna MUSE don ya bi ta tauraron ɗan'adam, suka fara gwajin awa ɗaya a rana a 1989, sannan awa takwas daga 25 ga Nuwamba 1991. Ranar ma da gangan aka zaɓe ta: wata na 11, rana ta 25, wato 1125.

Japan ta so duniya ta karɓi tsarinta. A taron ƙasashen duniya kan tsarin watsa shirye-shirye da aka yi a Dubrovnik a 1986, Turai ta ƙi, kuma ba don hoton ba shi da kyau ba. Kamfanoninta irin su Philips da Thomson sun ga yadda kayan Japan suka mamaye kasuwar na'urar bidiyo, ba su shirya miƙa ta talabijin ba. Sai suka haɗa nasu, HD-MAC mai layi 1250, aka zuba masa kuɗi, aka nuna wasannin Olamfik na 1992 da shi a Albertville da Basalona, a 1993 kuma aka watsar.

Labarin Amurka ya fi ban dariya. A tsakiyar shekarun 1980, masu rediyon oba-oba sun matsa wa hukumar sadarwa ta FCC ta ba su filin zangon talabijin da ke zaune ba a amfani da shi. Masu tashoshi suka nemi hujjar riƙe abinsu, sai suka ce ai suna tanadinsa ne don HD. Hujja ta zama aiki. A 1987 hukumar ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Wiley, aka buɗe gasa. Ana cikin gwada tsare-tsaren analog, wato tsohuwar hanyar aika hoto, a 1990 kamfanin General Instrument ya fito da tsarin da dijital ne gaba ɗayansa, wato mai mayar da hoto lambobi irin na kwamfuta. Nan take shekaru ashirin da ɗoriya na wahalar Japan da kuɗin Turai suka zama tsohon yayi. Masu gasar suka haɗe a 1993, aka amince da tsarin ATSC a Disambar 1996, kuma a Oktobar 1998 aka nuna tashin kumbon da ya mayar da ɗan sama-jannati John Glenn sararin samaniya da sabon hoton.

Me dijital ya kawo? Hoton HD mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo sama da miliyan 2, ninki biyar na hoton 576. Ɗanyensa, yadda yake fitowa daga kyamara, yakan kai kusan megabit 1,500 a daƙiƙa (megabit ma'aunin yawan bayani ne). Filin tasha ɗaya a Amurka kuwa megabit 19 da 'yan kai yake ɗauka. Ba yadda za a yi wannan ya shiga wancan sai an zubar da mafi yawansa. Dabarar ita ce a daina maimaita abin da bai sauya ba. In mai labarai na magana, bangon bayansa bai motsa ba, to a aiko shi sau ɗaya, a riƙa aiko motsin baki da ido kawai. Sannan a yar da ƙananan abubuwan da ido ba zai yi kewarsu ba. Tsarin matse hoto mai suna MPEG-2 ne ya fara wannan aiki, H.264 na 2003 ya zo ya yi shi da kusan rabin filin.

Duk da haka jama'a ba su ruga ba. Akwatunan farko dubban daloli ne. Tasha ba za ta sayi sababbin kyamarori don 'yan tsirarun masu kallo ba, mai kallo kuma ba zai sayi akwati mai tsada ya rasa abin kallo ba. Kowa na jiran kowa. Har masu kwalliya da masu gina dandali sai da suka sake koyon aiki, don kyamarar HD ba ta rufa asiri: hodar da aka laɓta da fentin da ya ɓare duk sai su fito fili.

A ganina ba hukuma ce ta warware wannan jiran ba, allo mai falle ne. Da farashin irin waɗannan alluna, plasma da LCD, ya sauko a tsakiyar shekarun 2000, mutane suka saya don girma da rashin ƙeya, ba don sun san wani lissafin ɗigo ba. Suka kai gida suka jona tsohuwar tasha, sai hoton ya fi muni. Layi 576 da ke da kyau a inci 21, in aka baje shi a inci 42 sai ya zama kamar an shafa masa mai. Daga nan ne mai kallo ya fara neman HD da kansa. Tashar HD1 ta Beljiyam ta buɗe fage a Turai a farkon 2004, tambarin HD ready ya bayyana a 2005, sai gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus ta zama babbar talla. A watan Mayun shekarar ne Sky da BBC suka fara nasu a Birtaniya.

Gwamnatoci kuma da nasu lissafin. Kashe analog na nufin samun fili a zango da za a sayar wa kamfanonin waya. Gwanjon da Amurka ta yi a 2008 ya kawo sama da dala biliyan 19. Ta kashe manyan tashoshin analog ranar 12 ga Yuni 2009, bayan ta raba takardun rangwamen dala 40 don sayen dikoda. Japan ta bi a 2011, Birtaniya ta kammala a 2012. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin kashe analog ga Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, ƙasashe da dama kuma ba su cika shi ba. A nan ne mutane da yawa suka ruɗe, suka ɗauka dijital da HD abu ɗaya ne. Filin da zai ɗauki tashar HD ɗaya zai iya ɗaukar tashoshi huɗu ko biyar masu tsohon hoto, kuma mai neman kuɗin talla ya san wanda zai zaɓa.

Ko da an rubuta HD a kusurwar allo, ba a gama magana ba. Wasu tashoshin tsohon hoto suke buɗawa ya cika allo. Abin da aka ɗauka da fim mai milimita 35 ana iya sake kwafo shi ya fito tar, amma wanda aka naɗa a kaset ɗin bidiyo ba inda za a samo ɗigon da babu. Wasu kuma matsewa suke yi fiye da kima. Ka lura da ƙwallon ƙafa: in kyamara na tsaye, kana ganin ciyawa ƙwaya-ƙwaya, da ta juya da sauri bin ƙwallo, sai filin ya narke ya zama koren tabo. Lokacin ɗaga kofi, da aka watsa takardu masu ƙyalli, fuskokin 'yan wasa kan farfashe su zama murabba'i-murabba'i, don komai na motsi lokaci guda, ba abin da na'ura za ta ce bai sauya ba. A 2009 BBC ta sauya na'urorin matsewa, ta rage abin da take ba tasharta ta HD daga kusan megabit 16 zuwa ƙasa da 10. Ta ce sababbin na'urorin sun fi ƙwarewa, masu kallo suka ce idonsu bai yarda ba, aka yi ta kai ruwa rana, alhali yawan layukan bai ragu ko ɗaya ba. A Amurka kuwa, matsalar motsin nan ce ta sa tashoshin ABC da Fox da ESPN suka zaɓi layi 720 amma cikakken hoto sau 60 a daƙiƙa, saboda wasanni, yayin da CBS da NBC suka riƙe 1080 mai zuwa rabi-rabi, tsohuwar dabarar nan.

Yanzu shaguna sun cika da 4K mai ɗigo sama da miliyan 8, NHK kuma ta buɗe tashar 8K tun 1 ga Disamba 2018. Sai dai lissafin nan na ido bai sauya ba: don ka ci moriyar 4K sosai sai ka zauna nisan tsayin allo ɗaya da rabi, kusancin da ba kasafai ake kallo daga shi ba. Yawancin abin da ke fitowa daga eriya da tauraron ɗan'adam har yau 720 ne ko 1080, in ma an kai can. 4K ya fi samuwa ta intanet. Tsohon hoton kuma bai gama tafiya ba. A Jamus, ƙasar da Walter Bruch ya ƙirƙiro PAL, sai ranar 7 ga Janairu 2025 tashar ARD ta daina aika hoto mai layi 576 ta tauraron ɗan'adam.