Mene ne "firifet"? Kalmar da muka mayar sunan bulala

Kwanakin baya ina sauraren wani shirin siyasa a rediyo a nan Birnin Kebbi, sai wani mai kira ya shigo ransa a ɓace, yana kuka da wani jami'i da aka turo musu ƙaramar hukuma. Ya ce: "Mu ba 'yan makaranta ba ne da za a turo muna firifet!" Mai gabatarwa ya ji daɗin maganar, ya maimaita ta, masu kira na bayansa suka ɗauka. Kafin a rufe shirin an kira mutum uku ko huɗu firifet, kuma a bakin kowa abu ɗaya ake nufi: ɗan koren wani babba, mai muzurai, wanda aka turo ya tsorata mutane.

Abin kuma ya zo daidai da lokacinsa. 'Yan aji shida sun duƙufa kan jarrabawar WAEC, makarantu sun miƙa ragama ga 'yan aji biyar, Facebook da WhatsApp sun cika da hotunan yara da baji a ƙirji, iyaye da 'yan uwa suna ta rubuta "Allah ya ja zamani", kamar an naɗa wa yaron rawani. Kowa ya san firifet ɗalibi ne da aka ba muƙami a sakandare, wannan ba ya buƙatar bayani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai kiran rediyo ya mayar da kalmar bulala, iyaye sun mayar da ita sarauta, kuma yaron da aka rataya wa bajin yana jin su duka biyun.

Kalmar ba ma ta Ingilishi ba ce tun asali. Turawan Ingila aro ta suka yi, tushenta kuwa Latin ne, harshen Rumawan da, inda ake cewa praefectus. Abu biyu aka haɗa: prae, wato gaba, da wani aikatau mai ma'anar yi ko sanyawa. Ma'anarta ke nan, wanda aka sa a gaba. A lura da "aka sa" ɗin nan. Akwai wanda ya sa shi, wanda kuma zai iya cire shi, sannan akwai abin da aka sa shi a kansa. Shi ya sa a tsarin mulkin Rum kalmar ke tafiya da jelarta. Akwai praefectus annonae, mai kula da hatsin birni, wanda alhakin jiragen alkama da ke zuwa daga Masar yake wuyansa. Ranar da burodi ya yanke a Rum, jama'a sun san ƙofar da za su nufa. Akwai praefectus vigilum, shugaban 'yan kashe gobara da sintirin dare, rundunar da Sarki Agustas ya kafa a shekara ta 6 miladiyya. Ɗaya da abinci, ɗaya da tsaron dare. Duk wanda ya yi makarantar kwana zai gane waɗannan mutum biyu nan take, don shekara dubu biyu bayansu muna da firifet na abinci da kyaftin ɗin gida, wato ɗalibin da ke kula da gidan kwanan ɗalibai, aikin kuma bai canza ba.

Ba sai an je Rum ba ma. Mutumin Kamba da ke ƙetarawa Gaya cin kasuwa ya san "firefe". Kalmar ce dai, ta biyo ta Faransa, inda Napoleon ya ƙirƙiro muƙamin a 1800, kuma har yau a Nijar da Binin da shi ake kiran wakilin gwamnati da aka ɗora a kan wani yanki. Naɗa shi ake yi, rahoto yake kai wa na sama da shi, takarda ɗaya kuma ta isa ta sauke shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne Hausa ta riga ta faɗi wannan magana da kanta. Masana harshe suna ganin "shugaba" daga "shiga gaba" ta fito. "Jagora" kuwa ko yaro ya ji "ja" da "gora" a cikinta: yaron nan da ke riƙe da sandar makaho yana gaba, shi ke fara taka ƙaya, shi ke fara ganin rami. Kuma sarautunmu na sana'a duk da jelarsu suke tafe. Sarkin Fawa, Sarkin Noma, Sarkin Kasuwa. A Argungu, kafin dubban masunta su faɗa Matan Fada da homa da gora, sai Sarkin Ruwa ya tabbatar ruwan ya yi lafiyar shiga. A ƙauye Sarkin Samari shi ke haɗa gayya, kuma duk ƙauyen da ake ganin girman Sarkin Samarinsu, za ka tarar kuyyarsa ce ke gaba a gona. Bahaushe ya ce babba juji ne. Ba mu rasa fahimtar abin ba. Da kalmar ta zo cikin rigar boko ne muka manta mun san shi.

To ina bulalar ta shigo? Ta shigo ne tare da wata kalma daban da muka cakuɗa da wannan, wato "siniya". Tsarin ba wa manyan ɗalibai iko a kan ƙanana ya yi ƙarfi ne a makarantun kwana na 'ya'yan masu hali a Ingila, kuma sunan da aka fi ambata a kai shi ne Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842. Shi ya jingina tarbiyyar makaranta a kan 'yan ajin ƙarshe. Amma a gefen wannan tsari akwai wata tsohuwar al'ada ta ƙaramin yaro ya zama baran babba: ya goge masa takalmi, ya dafa masa shayi, ya je masa aike. Da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, da makarantun midil na larduna, fasalin makarantunsu na gida suka kwaikwayo: gidaje, kyaftin, firifet, wasanni da la'asar. Mu kuma muka gaji buhun da abin da ke cikinsa. Su masu abin sun yar da bautar. Makarantar Eton, wadda ta fi kowace suna a cikinsu, ta soke ta a 1980. Mu har yau ɗan aji ɗaya yana ɗaukar bokitin wani ƙato zuwa famfo kafin asuba.

Siniya shekaru ne kawai. Duk wanda bai mutu ba, ba a kore shi ba, zai zama siniya, ba da wani ƙoƙari nasa ba. Babu wanda ya sa shi a gaban komai, ba shi da littafin da zai miƙa wa malami, ba shi da abin da za a tambaye shi. A makarantar da na yi, wadda ba zan kama sunanta ba, wanda ya fi gallaza mini ba shi da baji ko ɗaya. Yana kwance a gadon sama zai leƙo ya ce, "Kai, wanga yaro, taho nan. Mi as sunanka?" Kafin ka rufe baki ya miƙo maka kwano ya ce ka jiƙo masa kwaki, da garinka, da sukarinka. In ka yi gardama sai tsallen kwaɗo daga bakin ɗaki har bakin masallaci. Wannan cin zali ne, sunansa ke nan, kuma ina jin zafi idan aka kira shi aikin firifet.

Don na ga firifet na gaske a wannan makarantar. Mai kula da abincinmu wani siririn yaro ne, ba shi da murya, ban taɓa ganin sanda a hannunsa ba. Yana da wani littafi da maiƙo ya ɓata bangonsa, a ciki ya rubuta teburi nawa ne, mutum nawa ne a kowane teburi. Kafin a buga ƙararrawa yana can wurin masu dafa abinci yana ƙirga malmalar gabza. Abu na farko da yake yi shi ne ya ware kwanukan marasa lafiya, ya rufe su da faranti, ya ba wani yaro ya kai. Ranar da miya ta gaza, shi ke tsayawa gaban malami mai kula da abinci ya yi bayani, shi kuma ke juyowa ya sha zagin ɗalibai ɗari da ke jin yunwa. Yana da ɗan alfarma, gaskiya ne, ba ya yankan ciyawa, naman da ke kwanonsa ma ya fi namu. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa kullum sai ya yi askin. Haka mai kula da lokaci, wanda ke tashi cikin hunturu kowa na ƙudundune a bargo, ya je ya doki tsohon wilin mota da aka rataye a itacen dogon yaro. Ranar da ya makara makaranta gaba ɗaya ta makara, kuma babu mai tambayar laifin wane ne.

A filin wasa abin ya fi fitowa fili. Ranar gasar gidaje, baƙi suna ganin maci da tutoci, ja da kore da shuɗi da ɗorawa, da babban baƙo yana miƙa kofi. Ba su ga mako biyun da firifet ɗin wasanni ya yi yana jan igiya, yana zuba toka don fitar da layin gudu ba, ko kyaftin ɗin gida da ya bi ɗaki ɗaki yana lallashin wani ɗan aji biyu mai kunya da ya lura yana da sauri. Kyaftin ɗin da ya saba duka, a nan asirinsa ke tonuwa, don ba a tilasta wa yaro gudun mita 400 da dorina. Mu a Kebbi muna da wani misali na kusa. Wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, fayif, wani malami Bature mai suna Hogben da ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920 ake danganta kawo shi Arewa da shi, kuma Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya so shi har ƙarshen rayuwarsa. Biyu da biyu ake yi, a fili mai bango uku, kuma a ƙa'idarsa babu alƙalin wasa. In ƙwallo ta tashi sau biyu kafin ka doke ta, kai za ka faɗa da bakinka. Makarantun da suka kawo mana firifet su suka kawo wannan wasa, kuma a ganina darasi ɗaya ake son koyarwa da su: yaro ya riƙe gaskiya ba tare da babba na tsaye a kansa ba.

Akwai wani aikin kyaftin da a da muke raina shi, ƙirgar dare. Ya tsaya a bakin ƙofa da tocila, ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wanda ya tafi gida da izini, da wanda ke kwance ba lafiya. Yau a Zamfara da Kebbi babu uban da zai raina wannan littafi. Da aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, adadin ɗaliban da aka fara sanarwa an sace 317 ne. Waɗanda aka sako bayan kwanaki, aka ce su ne duka, 279 ne. A tsakanin lambobin nan biyu akwai gidajen da suka kwana ba su san ko 'yarsu na daji ko ta tsira ba. Watanni huɗu bayan haka, a watan Yuni, abin ya faɗa wa kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. Ba ina cewa yaro ɗan shekara goma sha bakwai zai tare 'yan bindiga ba, Allah ya kiyaye, tsaro aikin hukuma ne. Amma sanin wa ya kwana a ɗaki, wa bai kwana ba, wannan a hannun kyaftin yake, kuma ya fi duk wata bulala nauyi.

Laifin da nake gani, na manya ne. Sau da yawa idan za a zaɓi firifet, ƙirar jiki ake dubawa da kaurin murya, wanda yara za su ji tsoronsa. Wani malamin kuma ya gaji, aji ya yi masa yawa, sai ya miƙa wa yaro sandar da shi kansa bai kamata ya yi sakaci da ita ba, ya koma ofis. Ana rataya baji a taron safe, a tafa, shi ke nan. Ba takardar da ta ce ga aikinka, ba ranar da za a zauna a ce kawo littafinka mu gani. Makarantun da ke barin ɗalibai su tsaya takara, su yi bayanin abin da za su yi, a kaɗa ƙuri'a, sun ɗan matso kusa, amma ko can na ga inda alawa da biskit suka yanke hukunci, yara suna kwaikwayon abin da suke gani a wurinmu ranar zaɓe. Yaron da ya koya yana aji biyar cewa muƙami shi ne wasu su ɗauko maka ruwa, shi ne gobe mai kiran rediyo zai yi kuka da shi.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda aka rataya wa baji bana. Ya zo gaishe ni ranar Juma'a, ya durƙusa, bakinsa har kunne. "Kawu, an ba ni firifet na aikace-aikace." Na yi masa barka, na sa masa albarka, sannan na tambaye shi langalanga nawa ne a sito, tsintsiya nawa, kuma wane yanki na makarantar ne ciyawa ta fi saurin tashi, inda macizai ke ɓoyewa da damina. Ya yi shiru yana wasa da bakin rigarsa. "Ban ƙirga ba tukuna, Kawu." Na ba shi littafi mai shafi arba'in da biro. Ran Laraba uwarsa ta kira ni ta ce in ji shi langalanga ashirin da uku ne, tara daga ciki ba su da ƙota, kuma ya riga ya kai wa malamin da ke kula da su lissafin.