Ɗaukewar numfashi cikin barci da maza masu raunin zuciya

Idan likita ya ce mutum yana da ɗaukewar numfashi cikin barci, yana nufin numfashinsa kan tsaya cak na daƙiƙa 10 ko fiye, ya dawo, ya sake tsayawa, haka har gari ya waye. Ana ƙirga sau nawa numfashin ya tsaya ko ya ragu sosai a cikin awa ɗaya: daga 5 zuwa 15 abin da sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, daga 30 ya yi tsanani. Mai abin kuwa galibi bai ma san ana yi ba.

Iri biyu ne. Wanda aka fi sani shi ne na toshewar maƙogwaro: naman wuya ya saki, hanyar iska ta rufe, ƙirji na ta kokawa amma ba abin da ke shiga, sai mutum ya zabura da wani irin gurnani. Shi ne ke tafiya da ƙiba da minshari. Mai raunin zuciya, wato wanda zuciyarsa ba ta iya zagaya da jini yadda ya kamata, yana da ƙarin dalili, domin ruwan da ya wuni yana taruwa a ƙafafunsa da ya kwanta sai ya gangaro wuya, ya ƙara matse hanyar.

Na biyun ya fi ɓoyo. A nan hanya a buɗe take, ƙwaƙwalwa ce ta daina ba da umarnin a ja numfashi. Zuciyar da ta yi rauni tana barin ruwa ya taru a huhu, wannan ya sa mutum ya riƙa numfashi da sauri, iskar kabon dayoksaid ta ragu a jini fiye da kima. Ita ce kuwa ke zaburar da ƙwaƙwalwa, saboda haka sai numfashi ya tsaya. Kafin labarin cewa iskar ta sake taruwa ya isa ƙwaƙwalwa an makara, tunda jinin ma a hankali yake zagayawa. Wanda ke kwance kusa da shi zai ji numfashin ya fara ƙasa-ƙasa, yana ƙaruwa har ya zama haki, ya sake lafawa, sannan shiru, ƙirji ko motsi ba ya yi. Likitoci biyu a Dublin ta ƙasar Ireland, John Cheyne a 1818 da William Stokes a 1854, su suka bayyana wannan salo, har yau da sunansu ake kiransa.

Kusan rabin masu raunin zuciya suna da ɗaya daga cikin biyun. Irin na ƙwaƙwalwa ya fi kama maza nesa ba kusa ba, musamman waɗanda suka haura 60 ko bugun zuciyarsu ya rikice. Duk tsayawa ɗaya iskar oksijin na faɗuwa, jini na hawa, zuciyar da ya kamata ta huta da dare tana shan aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne da yawansu ba su da teɓa, ba sa kukan gyangyaɗi da rana, wasu ko minshari ba sa yi. Gajiya da farkawa cikin haki kuwa sai a ɗora wa ciwon zuciyar. Shi ya sa a ganina maganar matar gida, idan ta ce “numfashinsa na ɗaukewa da dare”, ta cancanci likita ya ajiye biro ya saurara.

Gwajin barci ne ke raba irin biyun, kuma rabawar ba wasa ba ce. Na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni ta Ostireliya a 1981, tana hura iska ta hana maƙogwaro rufewa, ta dace da na toshewa. Amma a 2015 binciken SERVE-HF, mai marasa lafiya 1,325, ya nuna wata na'urar, ASV, mai daidaita ƙarfin iskar da take hurawa da yanayin numfashin mutum, ta ƙara yawan mace-mace a tsakanin masu zuciya mai raunin turo jini da ke da irin na ƙwaƙwalwa. A wajensu ana fara daidaita magungunan zuciya da rage ruwan jiki, wani lokaci hakan kaɗai kan sassauta ɗaukewar.