Tsatsa da Sirancewar Tukwanen Ajiye Ragowar Yuraniyom

Ragowar yuraniyom ita ce abin da ke saura bayan an tace yuraniyom domin makamashi ko makamai. Wanda ake haƙowa daga ƙasa, irin na Arlit a Jamhuriyar Nijar, yana ɗauke da kusan kashi 0.7 cikin ɗari na nau'in U-235, wato nau'in yuraniyom da ake tacewa domin a ƙara yawansa a makamashi da makamai, ragowar kuwa ba ta cika wuce kashi 0.2 zuwa 0.4 ba. Ana ajiye ta a matsayin sinadarin UF6, wato haɗin yuraniyom da fulorin, cikin manyan tukwanen ƙarfe masu faɗin inci 48, kowace tana ɗaukar kimanin tan 12. Amurka kaɗai ta tara kusan tan 700,000 a tukwane sama da 50,000, a Paducah ta jihar Kentaki da Portsmouth ta jihar Ohayo, kuma mafi yawansu a fili suke, an ɗora wasu kan wasu, rana da ruwan sama na dukansu.

Daga waje tsatsar take fara cin ƙarfen. Sinadarin da ke ciki daskararre ne, kuma kaɗan yake cin bangon tukunya muddin danshi bai shiga ba. Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne gindin tukwanen layin ƙasa da suka daɗe suna taɓa ƙasa, da wurin da katakon tokare yake riƙe laima, da kuma leɓen ƙarfen da ke zagaye bakin wasu tukwane, inda ruwa ke kwanciya. Duk wanda ya ga gangar ruwa da aka bari a ƙasa a Jos damina bayan damina ya san cewa ta gindi take fara hujewa. Tukwane masu siririn bango, samfurin 48G, kaurinsu kusan milimita 8 ne tun daga masana'anta, kuma ƙa'idar jigila ba ta yarda ya gaza kusan milimita 6 ba, saboda haka ratar da tsatsa za ta cinye ba ta da yawa ko kaɗan.

Idan bango ya huje, UF6 yana haɗuwa da danshin iska ya haifar da gubar HF, wani asid mai ƙona fata da huhu, tare da wani gishirin yuraniyom mai narkewa a ruwa wanda ke lahanta ƙoda. Haɗarin na guba ne fiye da na tururin nukiliya. Tukwanen da aka samu a huje 'yan kaɗan ne, wasunsu ma rauni suka ji wajen ɗorawa, kuma sau da yawa abin da ya daskare a bakin ramin yakan toshe shi ya rage yoyon, ko da yake wannan ba gyara ba ne.

A 1995 hukumar da ke sa ido kan lafiyar cibiyoyin nukiliyar tsaron Amurka ta nemi a inganta ajiyar. Daga nan aka riƙa mayar da tukwane kan daɓen kankare, ana yi musu fenti, ana auna kaurin bango da na'ura mai aika sauti cikin ƙarfe. Masana'antu biyu da ke mayar da UF6 zuwa garin yuraniyom mai jure ajiya sun fara aiki a 2010 da 2011, aikin da zai ci shekaru masu yawa.

Najeriya ba ta da masana'antar tace yuraniyom, don haka babu irin waɗannan filaye a ƙasar. Kula da kayan nukiliya yana hannun hukumar sa ido kan harkokin nukiliya ta Najeriya, wato NNRA, mai hedikwata a Abuja, wadda aka kafa bisa dokar 1995.