"Ai an taɓa shi!" ba hujja ba ce

A gidajen kallon ƙwallo na Mabera ko Gawon Nama a Sakkwato, da zarar ɗan wasa ya zube ƙasa sai ka ji ihu: "Ai an taɓa shi, alƙali ya busa mana!" Mutane da dama sun ɗauka taɓi kawai ya isa a ba da bugun tazara.

Doka ta 12 cikin dokokin ƙwallon ƙafa ba haka ta ce ba. Sai turewar ko taɗiyar ta zo da sakaci, ko ganganci, ko ƙarfin da ya wuce kima, sannan ta zama laifi. Kafaɗa da kafaɗa wajen neman ƙwallo halas ne. Wanda kuwa aka ɗan goga ya faɗi yana birgima don ya yaudari alƙali, shi ne mai laifin, katin gargaɗi ne hakkinsa.

Tuna Rivaldo na Brazil a gasar cin kofin duniya ta 2002. Hakan Ünsal na Turkiyya ya buga masa ƙwallo a ƙafa, gogan naka ya dafe fuska ya kwanta. Aka kori Ünsal, amma daga baya FIFA ta ci Rivaldo tara. To, shi ma ai an taɓa shi.